Mirza Saleh Shirazi: Abin da ya gani a Ingila, da abin da ya kwaso

A 1813 Rasha ta tilasta wa Iran sa hannu a yarjejeniyar Gulistan, ta karɓe mata yankuna a Kokasas, yankin duwatsu da ke tsakanin ƙasashen biyu. Yarima mai jiran gado, Abbas Mirza, ya ga cewa an fi su makamai da ilimin zamani. Sai a 1815 ya tura ɗalibai biyar Ingila. Akwai mai koyon injiniya, akwai mai likitanci, har da maƙeri. Cikinsu akwai Mirza Saleh, mutumin Shiraz.

Daga birnin Tabriz na Iran suka bi ta Rasha. A Mosko ya tarar da garin da aka ƙone a 1812, lokacin yaƙin Napoliyon, ana sake gina shi. Daga can sai Sant Pitasbag, suka hau jirgin ruwa zuwa Ingila.

Guzuri bai kai ba, kuma kuɗin na hannun hafsan Ingilan da ya raka su, don haka karatu ya yi ta tafiyar hawainiya. Duk da haka Saleh ya koyi Turanci da Faransanci, ya rubuta yadda majalisar dokokinsu ke aiki. Ya lura sarki ba ya yin gaban kansa, doka ta ɗaure shi kamar kowa.

Amma ainihin tsarabarsa sana'ar ɗab'i ce. Ya zauna a maɗaba'a a Landan ya koyi jera haruffan dalma da haɗa tawada, ya koma gida a 1819 da injin buga littattafai.

Ga inda gizo ke saƙar. Rubutun nasta'aliƙ da Farisawa ke so yana gangarowa a karkace, haruffa na hawa kan juna, alhali haruffan dalma a miƙe suke jeruwa. Mafita ita ce bugun dutse. Marubuci zai yi rubutu da tawada mai maiƙo, a manna a kan shafaffen dutse, a shafa ƙaro da ɗan asid, a jiƙa da ruwa. Tawadar bugu na kama maiƙon kaɗai. Idan dutsen ya bushe, shafin duka ya baƙe.

Da wannan dabara Saleh ya fitar da jaridar farko a Iran, Kagaz-e Akhbar, a Tehran a 1837. Ma'anar sunan, takardar labarai.