Na hau bene ɗaya a La Paz, numfashi ya gagare ni

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hakin da kuke ji, ba gudu na yi ba, matakalar bene kawai na hau. Ina birnin La Paz na ƙasar Bolibiya, mita kusan 3,600 sama da teku. Filin jirgin da na sauka a El Alto ma ya haura mita 4,000. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos ɗinmu da muke kuri da ita kuwa wajen 1,200 ce.

Ku dubi ɗan abin nan da na maƙala a yatsana, mai auna oksijin na jini. A gida 97 ko 98 yake nuna mini. Yanzu ga shi nan, 88.

Mutane na cewa oksijin ne ya yi kaɗan a kan dutse. Gaskiyar magana, kasonsa bai canja ba, kashi 21 cikin ɗari ne a nan da Legas duk ɗaya. Nauyin iskar ne, wato matsinta, ya ragu, ya koma wajen kashi biyu cikin uku na bakin teku. To ina ruwan huhu da nauyin iska? A cikin huhu akwai 'yan jakunkuna miliyan ɗaruruwa, fatarsu siririya ƙwarai, ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe su. Babu wani famfo da ke tura oksijin cikin jini. Da kansa yake ratsawa daga inda ya fi matsi zuwa inda bai kai ba. Idan matsin waje ya yi sanyi, ratsawar ma sai ta yi sanyi.

Da ya shiga, sai ya hau himoglobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ku ɗauke shi kamar A Daidaita Sahu mai kujera huɗu: ya cika a huhu, ya sauke fasinja a tsoka da ƙwaƙwalwa. A nan wasu da kujera fayau suke barin tasha, shi ya sa zuciyata ke dukan uku-uku don a yawaita sawu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dare. Ashe yawanci abin da ke sa ƙwaƙwalwa ta ce ka ja numfashi shi ne taruwar kabon dayoksaid, iskar da jiki ke fitarwa, wadda akasarinta ke tafiya a jini a matsayin wani sinadari mai suna bikabonet. Da kake haki a nan, sai ka fitar da ita fiye da kima. Kana barci ƙwaƙwalwa ta ga kabon dayoksaid ta yi ƙasa, ta sassauta numfashi, oksijin ya faɗi, ka farka a firgice kana jan iska. Sai ƙoda ta zubar da bikabonet ta fitsari kafin abin ya lafa. Ita ce kuma ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙara ƙwayoyin jini, amma wannan aikin makonni ne.

Masu kallon ƙwallo, kun tuna 2009 da Bolibiya ta lallasa Ajantina 6-1 a filin Hernando Siles na garin nan, Maradona na koci, Messi na cikin fili? Da ina ganin ɗora laifin kan tudu uzuri ne kawai. Yanzu bakina alekum.

Sai maganar sikila, tunda ta yi yawa a wajenmu. Ƙwayar jinin mai SS lanƙwashewa take idan oksijin ya yi ƙasa, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Har mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, an sha samun saifarsa ta kamu a irin wannan tudu. In aiki ko karatu zai kawo ka nan, ka fara sanin ko jininka AA ne, AS ko SS, ka ga likita tun kafin ka yanki tikiti.