Amsoshin Tambayoyinku: Man Gashin Indiya, Amosani da Sanƙo

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako a kan gashi suka taru.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. Ta ce: "Shekara uku ke nan gashina yana zuba, ga amosani ya hana ni sakat. An tallata mini wani mai da wasu ƙwayoyi na Indiya, wai na Ayurveda, an ce suna tsiro da gashi. Mene ne Ayurveda, kuma in saya?"

To, malama, Ayurveda tsohon tsarin maganin gargajiya ne na Indiya, kuma can ba a raina shi, don a 2014 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata guda mai suna AYUSH da ke kula da shi da ire-irensa. A harkar gashi suna amfani da amla, wani ɗan itace mai tsami, da ganyen bhringraj da ake dafawa cikin man kwakwa ko man riɗi, da hulba, da lalle, da ganyen darbejiya. I, darbejiyar nan ta ƙofar gidanku, asalinta daga can yankin Indiya aka kawo ta. Kin ga rabin kayan ma kina da su a gida.

Kafin ki fitar da kuɗinki, ki duba matajinki. In gashin da ya fita dogo ne, kuma a gindinsa akwai ɗan farin ɗigo, to daga saiwa ya tuge. In kuwa guntu-guntu ne, karyewa yake yi. Mai irin wannan yana sa laushi, yana rage karyewa, nan kam ba musu. Amma gashin da ke tugewa shekara uku yana da dalili a cikin jiki, kuma shafe-shafe ba ya kai wa can. A wurin mata, ƙarancin jini na kan gaba, sai matsalar maƙoƙo. Ki je asibiti a auna jininki. Ki kuma sani zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kowa na yi.

Amosani kuwa, a nan mutane suka fi yin kuskure. An ga fari-fari na zuba a kafaɗa, sai a ce kai ya bushe, a lafta masa mai. Alhali abin da ke tayar da shi wata ƙwayar halitta ce mai suna Malassezia, dangin naman gwari, wadda ke zaune a fatar kan kowa, kuma maiƙo ne abincinta. Man zaitun musamman, in kin cika shi a fatar kai kin bari ya kwana, kin kai wa kura ajiyar nama. Ki shafa mai a jikin gashi, ki bar fatar kan ta sha iska. Ki nemi sabulun wanke kai mai sinadarin ketoconazole ko selenium sulfide a kantin magani, ki shafa, ki bar kumfar minti biyar kafin ki ɗauraye, sau biyu a mako har wata guda. Bayan nan lokaci-lokaci, don amosani lafawa yake yi, ba ya tafiya gaba ɗaya. Ruwan dafaffen ganyen darbejiya ba laifi a ɗauraye kai da shi, amma kada ya zama madadin wancan.

Ƙwayoyin sha ne ba na so ki kusanta. A 2003 masu bincike sun sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan birnin Boston na Amurka, suka tarar 14 daga ciki suna ɗauke da dalma, ko zaiba, ko gubar arsenik. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sai wani ɗan'uwa daga Maraɗi. Ya ce shekarunsa 32, sanƙo ya fara cin gaban kansa da tsakiya kamar na mahaifinsa, an ce ya dinga shafa ruwan albasa, wasu kuma sun ce hula ce ta jawo masa.

Malam, kyale hularka, ba ta da laifi. Wannan sanƙon gado ne. Wani sinadarin jikin namiji, DHT, shi ke tsuke saiwar gashi a hankali har ta daina fitarwa. Maganar albasa tana da tushe: an yi wani ɗan ƙaramin gwaji a Iraƙi, aka buga a 2002, kuma an ga gashi ya fito. Amma a kan wani ciwo daban aka yi shi, wanda gashi ke ɓarewa wuri guda sumul kamar faɗin kwabo. A naka, wari kawai za ka saya wa uwargida.

Cikin kayan itatuwa, man rosemary, wani ganye mai ƙamshi, ne aka gwada a Iran a kan mutum 100, aka buga a 2015, bayan wata shida sakamakonsa ya yi kusa da na maganin minoxidil mai kashi biyu cikin ɗari. Gwaji ɗaya ne, don haka kada ka ɗora masa dogon buri. In za ka gwada, ka sirka shi da wani mai, kada ka shafa tsurarsa. Minoxidil ɗin shi ne sananne, tun 1988 aka amince da shi a Amurka. Yana ɗaukar wata huɗu zuwa shida kafin a ga alama, kuma ranar da ka daina, abin da ya fito zai koma. Akwai kuma ƙwayar finasteride, amma ita sai likita ya rubuta, kuma ba ta mai ciki ba ce ko kaɗan.

Wata maijego daga Garwa ta Kamaru ta ce wata uku da haihuwa gashinta ke zuba dunƙule-dunƙule, gaban goshinta kuma ya cinye. Allah ya raya, 'yar'uwa. Na farko kada ya tada miki hankali: gashin da ya ƙi zuba lokacin goyon ciki ne yake zuba yanzu, kuma yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo. Gaban goshi ne abin lura. In kitso yana sa ki kasa ɗaga gira, ko ƙuraje su fito a bakin tsaga, ya yi tsauri. Ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu, ki huta da ƙarin gashi, don saiwar da aka daɗe ana ja takan mutu, kuma babu man da ke tashe ta.

Mai tambaya daga Kumasi kan yaron da kansa ya yi fari-fari yana ɓarewa, wannan ya fi kama da makero, ba amosani ba. Maganin sha yake buƙata na makonni, ku kai shi asibiti, kuma a raba masa mataji da askarsa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.