Layin nan ya fito, jama'a!

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Legon a Accra ta ƙasar Gana nake magana, kuma yau bakina ya ƙi rufuwa. Ku matso ku ga wannan siririn baƙin layin a jikin hoton. Shi muka daɗe muna nema, don shi ne alamar da ke fitowa a gwaji in antibodin da muka haɗa don binciken maleriya ya kama abin da aka yi shi dominsa! Antibodi wani furotin ne da jiki ke yi don ya kama baƙon abu.

Ƙwayar cutar maleriya ba ta iya fasa ƙwayar jini ta fito sai ta liƙa wa wasu furotin ɗinta wani ɗan sinadari da ake kira fosfet. Furotin ɗin bai canza ba, ɗan ƙarin nan ne ke kunna shi. Wannan dabarar Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano, har ta ba su kyautar Nobel a 1992. To aikinmu shi ne samar da antibodi da zai kama furotin in yana ɗauke da fosfet kawai, kamar dogarin da ba ya gane mutum sai ya naɗa rawani.

Hanyar kuwa sai mai haƙuri. A haɗa ɗan guntun furotin mai fosfet, a yi wa zomo allura, a maimaita, a jira wata biyu zuwa uku kafin a ɗebi jininsa. Sai a tace sau biyu: na farko a zubar da duk antibodin da ke kama guntun da ba fosfet, na biyu a riƙe na gaskiyar. Antibodin kamfani kuma, 'yar kwalbar da ba ta kai cokalin shayi ba, dala ɗari huɗu da wani abu, ban da kuɗin jirgi da ƙanƙara. Da na juya shi zuwa sidi, kuɗin Gana, a unguwar Nima ranar Juma'a, wani baba mai shayi cewa ya yi, "Ɗana, zinariya kuke sha?" Wallahi Hausar Nima na ɗebe min kewa, amma tuwonsu bai kama ƙafar na Inna a Kano ba.

Ƙannena masu shigowa wannan fanni, ku ji ni. Kada ka ga layi ka fara murna. Zuba fosfates, wato sinadarin da ke ɓamɓare fosfet daga jikin furotin, ya cire fosfet ɗin, ka sake gwadawa. In layin bai ɓace ba, antibodinka ƙarya yake maka. Namu ya ɓace tas! Sannan ka raba shi ƙananan kwalabe a firiza mai janareta, don dumsor, wato ɗauke wutar lantarki a nan Gana, ba ya sallama.