Sharhi: Sankarar hanta da haihuwar da ta wuce shekara talatin

Jama'a masu saurarenmu a Yamai da kewaye, assalamu alaikum.

A shekarar 2020, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sankarar hanta ta kashe mutum kimanin 830,000 a duniya, kuma in aka ci gaba a haka adadin zai kai miliyan 1.3 a 2040. Amma ba a ko'ina ne mutuwar ke hawa ba. Wasu ƙasashen sun karya lagonta.

Taiwan ta fara yi wa jarirai lambar rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1984. Kafin shekara goma sha biyar, sankarar hanta a tsakanin yaransu ta ragu da kusan rabi. A yankin Qidong na ƙasar Sin, mutuwar ta sauka bayan jama'a sun bar cin masara mai funfuna sun koma shinkafa. Amurka kuwa, duk arzikinta, mutuwar ta hau da kashi 43 cikin ɗari daga 2000 zuwa 2016, saboda ciwon hanta nau'in C da giya da ƙiba.

To, mu fa? Rajistar sankara da aka buɗe a Yamai a 1992 ta daɗe tana nuna hanta a sahun gaba cikin maza. Kuma waɗanda aka ƙirga ke nan. Wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce ko jifa, aka yi ta jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa a ƙauye, ba ya cikin littafin kowa.

Abin da ya kamata mu gane shi ne wannan cuta tana da haƙuri. Jaririn da ya kamu da nau'in B wajen haihuwa, tara cikin goma za su zauna da ƙwayar har girma, ba ciwon kai ba zazzaɓi. Tana cin hanta a ɓoye shekara talatin, arba'in. Idan gujiya ko masarar da aka ajiye da danshi ta ƙara da gubar funfunarta, haɗarin ya ninka. Shi ya sa muke binne magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu, sun bar mata da ƴaƴa ƙanana.

Nijar ta shigar da lambar nau'in B cikin allurar Penta, wadda ke haɗa rigakafin cututtuka biyar na jarirai, a 2008. Ke nan duk wanda aka haifa kafin nan, in bai nemi lambar da kansa ba, ba shi da kariya. Kuma Penta sai jariri ya yi sati shida. Kariya daga uwa zuwa ɗa tana buƙatar allura cikin awa 24 na farko. Uwar da ta haihu a gida nesa da likita, wa zai kai mata ita?

Muna kira ga ministan kiwon lafiya: a sa gwajin nau'in B cikin awon ciki kyauta, a kai allurar ranar haihuwa har ƙananan gidajen likita na karkara, a sauke farashin tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar. Kai kuma malam, ke kuma malama, in shekarunku sun haura ashirin, ku je a gwada jininku, ko da kuna jin garau.