Wuƙa a Cikin Kube: Lacca kan Sinadaran da ke Narkar da Furotin

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da zuwa.

Duk wanda ya taɓa shan abarba da yawa ya san yadda harshe ke yin raɗaɗi kamar an dirje shi. Ba tsami kaɗai ke jawo haka ba. A cikinta akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin mai rai, sunansa biromelen, mai yayyanka furotin, harshe kuwa nama ne. To, irin waɗannan wuƙaƙe jikinmu ma yana ƙera nasa.

Furotin doguwar sarƙa ce ta amino asid, hanji ba ya iya tsotse ta sai an gutsuttsura. Aikin yana farawa a tumbi da enzayim ɗin fefsin, wanda masanin kimiyya Bajamushe Theodor Schwann ya gano a 1836. Daga nan abinci ya gangara ƙaramin hanji, fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta kwararo masa enzayim ɗin tirifsin da 'yan'uwansa, su ƙarasa.

Ku tsaya nan, don nan ne abin ke ba ni mamaki. Ita kanta fankiriyas nama ce. Me ya hana wuƙarta yanka ta? Ba ta fitar da tirifsin tsirara, a cikin kube take sako shi. Sai ya isa hanji sannan wani enzayim da ke jikin bangon hanjin ya zare kuben. Ran da wuƙar ta fita kube tun tana gida, fankiriyas ta fara cin kanta. Kumburin fankiriyas ke nan, ciwon da ke ratsa mutum daga ciki har gadon baya.

Yanzu maganar ƙwayoyin enzayim da ake tallatawa don narkar da abinci. Akwai masu buƙatarsu da gaske: wanda fankiriyas ɗinsa ta daɗe tana kumburi, wanda aka yanke masa wani sashenta, da mai cutar sistik faiburosis, wata cutar gado da ke toshe fankiriyas da majina mai kauri. Za ka ga mutum yana ci amma kullum ramewa yake, bayan gidansa duk maiƙo, ga wari, yana yawo saman ruwa ya ƙi wucewa. Irin wannan, magani kamar Creon yana dawo masa da jiki. Likita ne ke auna masa, tare da abinci ake sha, kuma daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa shi. Ya kamata mara lafiya ya san haka.

Amma mai lafiya fa? Fankiriyas ɗinsa tana zubo ruwan narkarwa fiye da lita ɗaya kowace rana. Abin da ke damuna shi ne mutum ya yi wata shida da kumburin ciki yana haɗiyar ƙwayar enzayim ɗin gwanda ko na abarba, alhali gyambon ciki ne ke cinsa. A Amurka, tun dokar 1994, ƙarin abinci irin waɗannan ƙwayoyi ba ya jiran amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA kafin ya shiga kasuwa. Creon kuwa sai da ya samu wannan amincewa a 2009.

Ba na raina biromelen, ku fahimce ni. A Turai tun 2012 aka amince da maganin da aka yi da shi don cire mataccen nama a ƙuna mai tsanani. Sai dai mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko wanda ke shirin tiyata, kada ya taɓa ƙwayar biromelen bai gaya wa likitansa ba, don tana iya ƙara zubar jini.