Daga Gindin Kaskon Inna a Mabera

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da muryata. Shekara uku ina arewacin Ingila ban yi mura irin wannan ba, amma kwana huɗu a Sakkwato hunturu ya sa ina magana ta hanci. Bari in juya wayar ku ga hazo, ko dogon yaron ƙofar gida da ƙyar ake hangowa. Wannan kuma Inna ce. Ta ce kada in haska fuskarta, to ƙafafunta kawai za ku gani da kaskon wuta. Tun da aka sallame sallah matar yayana ta hura gawayin nan, ta shafa mata man kaɗanya a gwiwa, ta ɗora kunu.

Kaskon nan ne ya sa na kunna waya. Jiya da dare muna jin ɗumi Inna ta dube ni ta ce, "Wai ke, tsohhin Turawan nan da kika yi ma aiki, ba su da ɗiya?"

Suna da su, Inna. Waɗanda ba su san aikina ba, gida-gida nake bi ina kula da tsofaffi. Rabin awa ake ba ni a kowane gida: in tashe ta, in yi mata wanka, in sa mata kaya, in ba ta magani da shayi, in rubuta abin da na yi a waya, in ruga gida na gaba. Akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin. Ɗanta direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba. 'Yarta aikin dare take yi. Ba yar da ita suka yi ba, neman abinci ne ya raba su, kamar yadda ya raba ni da ke.

A sanyin 2024 na shiga ɗakinta wata safiya na tarar da ita zaune cikin kwat ɗin fita unguwa, da safar hannu, ta rungume robar ruwan zafi. Na taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki, sanyi ƙalau kamar randa. Na kai hannu zan kunna, ta riƙe min wuyan hannu ta ce in bari sai yamma, awa ɗaya take ba shi.

Dalili kuwa, a watan Yulin shekarar ministar kuɗi Rachel Reeves ta yanke kuɗin ɗumama gida da aka saba ba kowane ɗan fansho idan sanyi ya shigo, fam 200, ko 300 ga wanda ya kai tamanin. Aka ce sai mafi talauci kaɗai, irin masu karɓar tallafin da ake kira Pension Credit. Tsofaffi wajen miliyan goma suka rasa. Tawa tsohuwar fanshonta ya ɗara iyakar da 'yan fam kaɗan, don haka a takarda mai hali ce. A takarda fa.

Wanda ya fi ci min rai ma ba shi ba ne. Akwai wani zaure a unguwarsu inda mota ke kwasar tsofaffi duk Talata, su ci abincin rana tare, su yi hira. Tun Litinin take sa in gyara mata gashi. Ƙaramar hukuma ta ce babu kuɗi, aka rufe. Daga nan ni ce kaɗai fuskar da take gani a yini, ni kuma idona na kan agogo. Ƙafa ta daina motsi, ta yi tsami, wata rana ta faɗi a banɗaki. Mako uku tana gadon asibiti. Ku lissafa min kuɗin gado na mako uku da kuɗin farantin dankali na Talata, wanne ya fi? 'Yarta kuma ta rage kwanakin aiki don ta yi jinya. Kuɗin da aka ce an adana, daga aljihun wannan baiwar Allah aka ciro shi.

Da na ba Inna labarin wata dokar can da ta fara aiki a 2017, wadda ta ce daga ɗa na uku iyali ba za su sami ƙarin tallafi ba, sai da ta ajiye carbi. "Ɗiya biyu? To sauran mi za su ci?" Ita da ta haifi tara.

Amma mutanen can ba su ce haka Allah ya so su naɗe hannu ba. Ƙungiyar Age UK mai kare tsofaffi ta tara sa hannun dubban ɗaruruwan jama'a kan a dawo da kuɗin ɗumama gida. Ni ma na sa, na kuma rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu, don ɗan Najeriya mai takardar zama yana da ƙuri'a a can albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Da yawanmu ba su ma yi rajista ba, ku je ku yi don Allah. Jam'iyyar Labour da ke mulki a lokacin ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025, watan Yuni sai ga gwamnati ta lashe amanta: duk wanda abin da yake samu bai wuce fam 35,000 a shekara ba, an mayar masa da kuɗin ɗumama gidan. Dokar 'ya'ya biyun ma a kasafin Nuwamba aka ce za a soke ta. Zauren Talata dai har na taho yana kulle.

To mu dawo gida. Muna alfahari cewa mu ba ma kai tsoho gidan gajiyayyu, kuma abin alfahari ne. Sai dai ku dubi bayan wa nauyin yake. Ga matar yayana can a madafa. Kekenta na ɗinki yana ɗaki an rufe shi da zane tun da ƙafar Inna ta ƙi. Ba albashi, ba hutu, ba mai karɓarta ko na yini guda. An ce zumunci a ƙafa yake, to tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ƙafar ma sai da kuɗin Napep. Kai Inna asibitin koyarwa ganin likita shata ake yi, ga maganin hawan jini duk wata. Mu muna da mai turo fam. Maƙwabciyarmu da ke riƙon jikoki biyar fa? In ban da abin da Hukumar Zakka da Waƙafi da masu hali ke miƙawa, sai Allah.

Tun 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa. Na tambayi tsofaffin layinmu, ko ɗaya bai taɓa jin sunanta ba. Idan masu neman ƙuri'a suka zo da atamfa da taliya, ku karɓa, amma ku tsayar da su a zaure ku tambaye su nawa aka ware wa asibitin unguwa, nawa aka saki, kuma yaushe ɗan fansho zai daina kwana a layin tantancewa.

Na'am, Inna? Ta ce in aje wagga waya in zo in kama ta, rana ta fito za ta koma tabarma. Yaya, kawo matashin nan. A hankali, ta wannan gefen, ƙafar hagun ce mai ciwo.