Lardin Kano: Ƙasa, Jama'a da Haraji a Zamanin Turawa

An kafa Lardin Kano ne bayan Turawan Ingila sun ci birnin a watan Fabrairu 1903. Da farko har Katsina da Katagum suna ciki, sai a 1926 aka zare su. Waɗanda suka daɗe a ciki su ne masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Arewa jigawa ce mai yashi, kudu kuwa ta fi samun ruwan sama, can ne ake da duwatsun Riruwai masu kuza. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ruwansa ya nufi Tafkin Chadi.

Amma abin da ya ja idon Bature shi ne yawan mutane. A karkarar da ke kewaye da birni gona na manne da gona, ana nomanta kowace damina saboda takin da jakuna ke kwasowa daga cikin gari. Ƙidayar 1952 ta samu mutum fiye da miliyan 3 a lardin.

Tun kafin Turawa akwai zakka da kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da jangali, har da kuɗin karofi na marina. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ke zuwa ƙauye karɓa. Turawa suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, suka ce kowane hakimi ya tattara ya koma gundumarsa da zama, dagatai da masu unguwa su tara kuɗi su miƙa masa.

Sai kuma awon gona. Malamin taki zai tsaya a bakin gonarka, ya taka tsawonta yana ƙirga sawu, ya taka faɗinta, ya rubuta. Harajinka ke nan. Kuma ba da kuɗin wuri za ka biya ba, sai da sule, kuɗin Turawa. Ina manomi zai samo sule? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, aka rungumi nomanta. Kuɗin da aka tara a raba: kaso ga gwamnatin Turawa, kaso ga baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin sarki, inda ake biyan sarki da alƙalai da dogarai albashi.

Shi ya sa talaka bai taɓa ƙaunar mai ƙidaya ba. Bafillace ya kora shanunsa daji, saurayi ya rage shekaru. Haraji da jangali sun wuce zamanin Turawan ma, sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano.